An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya daga malaminku: mene ne amfanin gidan yari? Za ku ce don a tsare mai laifi, mai gaskiya ya yi barci. To, in haka ne, me ya sa gidan yari ya cika, amma manomin Anka da Gummi da Bukkuyum ba ya iya kwana a ɗakinsa?

Ku duba waɗanda ke ciki. Cikin kowane fursuna 3 na Nijeriya, kamar 2 ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Alhali kuwa sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in kotu na kusa, in da nisa kwana biyu. Baƙauyen da ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa beli, wa zai karanta masa wannan?

Sa'an nan ku duba waɗanda ke waje. A 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe a kan saniya, a 2001 aka yanke na wani a kan kekuna. A Janairun 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Ina kotun da ta zauna a kan wannan jini? A 2010 gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Wa aka tuhuma?

Wani zai ce hanya ba lafiya, shaidu na tsoro, alƙali ma mutum ne. Gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da fari makiyayi ya kai ƙarar gonar da ta cinye burtali, manomi ya kai ƙarar ɓarna, kowa ya komo da takaici. Da alƙali ya gaza, 'yan sa-kai suka yanke hukunci a kasuwa ba shaida, masu ramuwa suka yanke nasu a daji.

Saboda haka muna roƙon hukuma abu uku. Alƙalai su riƙa zaga gidajen yari, su saki wanda zamansa ya zarce hukuncin laifinsa. A tsare shaidu. Sulhu kuma kada ya shafe haƙƙin jini.

Ku kuma, yara, ku koyi dokar ƙasarku, ku karanta wa iyayenku. Gobe cikinku za a sami alƙali. Ran nan ku tuna da taiki. Allah ya sa mu gane, amin.