Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Matasa da yawa masu sha'awar kiɗan zamani suna ganin sai mai kuɗi ne zai iya shirya kiɗa mai daɗi. A ganina, wannan tunani ya tsufa.

A da, maganar gaskiya ce. Na'urar haɗa sauti, wadda take amfani da lantarki ta fitar da amo irin na ganga ko sarewa ko fiyano, tana da tsada ƙwarai. Lokacin da kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da DX7 a shekarar 1983, kuɗinta ya kai kusan dalar Amurka 2,000. Yau kuwa akwai manhaja mai suna Dexed, wadda take kwaikwayon wannan na'ura a cikin kwamfuta, kuma kyauta ce. Haka ma Surge, wadda a da ake sayarwa, ta zama kyauta a shekarar 2018.

Akwai kuma waɗanda suke zuwa tare da babbar manhajar shirya kiɗa, kamar gyaran da mai tumatir yake yi wa mai saye a kasuwa. Mutane sukan raina su, don ba a biya kuɗinsu dabam ba. Amma mu dubi amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu wanda ya mamaye Legas da sauran biranen Nijeriya. Amon nan mai kauri da aka san shi da shi, wanda makaɗa suke kira log drum, ya shahara ne daga Fruity DX10, wata ƙaramar manhaja da take cikin FL Studio. Ta daɗe a wurin ba a kula ta ba, har wasu matasa masu basira suka gano amfaninta.

Wasu za su ce manhajojin saye sun fi yawan sautuka shiryayyu. Haka ne. Sai dai ɗan koyo da ya tara dubban sautuka yakan ɓata lokacinsa wajen zaɓe. Wanda yake da manhaja ɗaya kuwa, dole ya koyi yadda ake ƙara wa amo kauri ko kaifi, da yadda ake tsawaita shi ko gajarta shi. Wannan ilimi zai yi masa amfani a kowace na'ura.

Akwai wani dalili kuma. Rashin kuɗi yakan sa wasu su sauko da manhajar sata daga intanet. Wannan cin haƙƙin masu ita ne, kuma sau da yawa takan zo da cutar da za ta lalata kwamfuta, aikin watanni ya salwanta.

Saboda haka, ɗalibi mai son kiɗa kada ya zauna jiran kuɗi. Ya zaɓi manhaja ɗaya ta halal, ya laƙance ta sosai. Ranar da ya sami halin sayen mai tsada, zai san abin da yake nema da ita.