Injin Caca Ba Shi Da Aboki

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samarinmu a 'yan shekarun nan, wadda muka ga ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Maganar kuwa ita ce, wai injin caca yana da dabara, wanda ya san ta ya ci, wanda bai sani ba a cinye shi. Har an sami waɗansu da suka mai da koyar da dabarar nan sana'a, suna karɓar kuɗin mutane don su gaya musu lokacin da inji ya nuna, ya isa tsinka. To, jama'a, mu zo mu yi lissafi, gama lissafi ba ya son kai.

Asalin injin nan daga Amurka ya fito. Wani makaniki mai suna Charles Fey, a birnin San Faransisko, shi ya ƙera wanda ya fara yin suna, tun kafin shekarar 1900. Akwati ne na ƙarfe mai faifai uku a ciki, ko wane faifai da zane-zane a jikinsa. Mutum ya jefa kuɗinsa, ya ja wani hannu da ke gefe, faifan su yi ta juyawa sa'an nan su tsaya. Kadan zanen ƙararrawa uku suka jeru, sai inji ya zubo masa senti 50. Amurkawa da kansu, da suka ga irin aikin da ya ke yi wa aljihu, suka laƙaba masa suna ɗan fashi mai hannu ɗaya. A 1931 Jihar Nebada ta halatta caca, birnin Las Begas ya bunƙasa a tsakiyar hamada, yau kuwa fiye da rabin abin da gidajen cacar jihar ke ci daga hannun mutane ta bakin injunan nan ya ke shigowa.

Injin yau kwamfuta ce a cikinsa, tana ta zaɓen lambobi barkatai, dare da rana, ko da mai wasa ko babu. Sa'ad da mutum ya danna, lambar da ta faɗo a wannan ƙiftawar ido ita ce hukuncinsa. Juyawar da ya ke kallo bayan haka wasa ne kurum aka yi wa idonsa, an riga an gama shari'a. Inji ba ya tuna abin da ya wuce. Wanda ya cinye mutum sau ɗari a jere, a na ɗari da ɗaya yana nan yadda ya ke a na fari, bai ƙoshi ba, bai ji tausayi ba. Saboda haka zancen wai wannan ya daɗe bai zubo ba, ya kusa, zancen banza ne. Har wa yau, tun 1984, da wani mutumin Norwe mai suna Inge Telnaes ya yi rajistar wata hikima tasa, ana iya tsara inji yadda zanen babbar kyauta zai riƙa tsayawa dab da layi, ɗan sama ko ɗan ƙasa, mai wasa ya ce saura ƙiris, ya sake zubawa. Ganin kitse ya ke yi wa rogo.

Yanzu ga lissafin. Ko wane inji an ƙayyade masa abin da zai mayar daga cikin abin da aka zuba. Dokar Nebada ta ce kada ya gaza kashi 75 cikin ɗari. Mu yi wa mai inji adalci, mu ce nasa yana mayar da 90, yana riƙe 10. Mai wasa yana iya dannawa sau ɗaya cikin daƙiƙa shida, watau sau 600 ke nan a awa guda. In dala ɗaya ya ke zubawa ko wane karo, a awa ya zuba dala 600, rabon mai inji kuwa dala 60. Mai karatu zai ce, ai da dala 100 kaɗai ya shigo, ina ya sami 600? Amsa ita ce, ɗan abin da ya ci shi ya ke mayarwa, ko wane zagaye kuwa ana gutsurar ushiri, har a wayi gari ba sauran abin gutsura. A bisa matsakaicin lissafi, ɗarin nan tasa ba ta cika awa biyu. Kashi 90 ɗin nan kuma da aka ce ana mayarwa, a kan miliyoyin wasa na dubban mutane aka lissafta shi, ba a yi wa kowa alkawarin zai ga nasa ba.

Lalle akan ci. A 2003, a gidan caca na Excalibur a Las Begas, wani ya ci fiye da dala miliyan 39 a dannawa guda, labari ya gama duniya. Amma masu lissafi sun ƙiyasta cewa babbar kyautar irin wannan inji tana faɗowa sau ɗaya ne cikin wasa wajen miliyan 50. Mai danna 600 a awa, ba barci ba hutu, sai ya shekara tara da rabi kafin ya cika wannan adadi, ko ya cika ɗin ma ba tabbas. Wanda ya ci shi ake bugawa a jarida. Waɗanda aka tara kuɗin daga aljihunsu, ba mai ɗaukar hotonsu.

To, me ke riƙe mutum a gaban abin da ke cinsa? Wani masanin halayya na Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya gwada da tattabaru, ya ga kadan ana ba su hatsi jefi-jefi, ba su san karon da zai zo ba, sun fi nacewa ga saran maɓalli bisa ga in ana ba su kullum. A kan wannan hali aka gina injin. Mutum ya zuba ɗari, a mayar masa da talatin, sai fitilu su kama, kiɗa ya tashi kamar an yi nasara, alhali an ci shi saba'in. Wata malama, Natasha Dow Schüll, ta yi shekaru tana bincike a Las Begas, ta buga littafinta a 2012, inda ta nuna da yawa daga waɗanda abin ya kama sun daina ma neman ci, zaman gaban injin suke so, don su manta da duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka.

Sai mu koma kan shawarwarin da ake bai wa 'yan caca game da tattalin kuɗi. Ana cewa mutum ya yanke abin da zai kashe tun daga gida, daga rarar da ta saura bayan cefane da haya da kuɗin makarantar yara, ya ɗauka ya riga ya ɓace. Ya bar katin banki a gida. Ya yanka wa kansa lokaci, ya zuba kaɗan, ya yi a hankali. Kada ya ci bashi don caca, kada kuma ya bi sawun abin da ya tafi da nufin fanshewa, gama a nan ne garin neman gira akan rasa ido. In ya ci, ya tashi. Shawarwarin nan duk na gaskiya ne, wanda ya riga ya shiga muna roƙonsa ya riƙe su. Amma a san iyakarsu. Suna rage hasara, suna jinkirta ta, babu ko ɗaya cikinsu da ke taɓa rabon mai inji. Ga kuma wahalar: ana yanke shawarar da sanyin zuciya a gida, ana neman cika ta a gaban abin da aka ƙera musamman don ya rushe ta. Ranar da mutum ya fara ɓoye wa iyalinsa abin da ya kashe, ko ya taɓa kuɗin amana, ko ya ɗauki keken ɗinkin matarsa ya nufi dillali, to, tattali ya ƙare, sai neman taimako. Addini ya riga ya yanke hukuncinsa a kan caca, malamai sun yi bayani. Mu lissafi muka kawo, ga shi kuwa ya biyo hanya guda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada wani ya ce wannan abin Amurka ne, ina ruwanmu. A 1977 Gwamnatin Soja ta Tarayya ta yi dokar hana injunan caca a ƙasar nan, waɗanda ake kira kalokalo. Wanda aka kora ta ƙofa, ga shi ya komo ta taga, ya shiga wayar hannu, yana kwana da yaro a ɗaki ɗaya, ba mai gadi, ba lokacin rufewa. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara al'amarin caca na jihohi ne, saboda haka nauyin yana wuyan gwamnatocin jihohi da majalisunsu. Ingila a 2019 ta rage abin da ake iya zubawa a karo guda a injunan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2. Jihar da ta hana, ta tsare haninta har cikin waya da tallace-tallace. Wadda ta bari, ta tilasta a kange yara, a rubuta rabon mai inji ɓaro-ɓaro da harshen da mutane ke ji. Malaman makaranta kuma su sa lissafin nan cikin darasi, don yaron da ya iya shi da wuya a sayar masa da dabara. Iyaye su ma su riƙa tambayar inda kuɗin ɗansu ke tafiya tun abin yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu dai namu gargaɗi ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa albarka cikin ɗan abin da guminmu ya kawo, amin.