A Bar Yaro Ya Kamanta Kansa

A ajujuwa na huɗu zuwa na shida, mun saba koyar da adon harshe ta hanyar hadda: mu rubuta ma'anar kamantawa da siffantawa a allo, yara su kwafa, su maido mana ranar jarrabawa. A ganinmu wannan hanya tana tauye darasin, domin babban amfaninsa shi ne yaro ya san kansa.

Bahaushe ya daɗe da wannan fasaha. Ɗan dambe da maharbi sukan yi wa kansu kirari, su ce su dutse ne ko guguwa, tun kafin masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero su rarrabe mana sunayenta: kamantawa takan jingina da "kamar" ko "tamkar", siffantawa kuwa kai tsaye take cewa wannan shi ne wancan.

Idan muka ce wa ɗalibi ya cike jimlar "Ni kamar kaza nake, domin kaza", dole ya tsaya ya auna halinsa. Kalmar "domin" ita ce gishirin aikin. Yarinyar da ta rubuta cewa ita randa ce, kowa ya sha ya wuce, ta faɗa mana nauyin da ke kanta a gida. Yaron da ya ce shi fitila ne mai ƙarancin kananzir, wataƙila bai karya kumallo ba. Wanda kuwa ya ce kamar kunkuru yake, yana tafe a hankali amma yana isa, ya gano wa kansa haƙurin da bulala ba za ta koya masa ba. Rajistar aji ba ta ɗauke da irin wannan labari.

Mun san za a ce aji ya cika maƙil, manhaja kuma tana jira. Amma aikin bai wuce minti 10 ba, da takarda da fensir. Sharaɗinsa amana ce. Kada mu karanta rubutun yaro a gaban aji ba da yardarsa ba, kada kuma mu bari abokansa su mayar masa da shi sunan tsokana. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake buɗe cikinsa ba. Iyaye ma, in sun ga irin wannan a littafin ɗansu, su tambaye shi dalili cikin lumana.

Mu ma mu rubuta namu tare da su. An daɗe ana cewa malami kyandir ne, yana ƙonewa yana haskaka wasu. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa ko ya yarda da wannan siffa, ko kuwa yana da wadda ta fi dacewa da shi.