Littafin koyon intanet da bai san Briqueterie ba

Littattafan koyon intanet da ake rubuta wa 'yan koyo kusan duk hanya ɗaya suke bi. Babi na farko kwamfuta ce a kan tebur da linzaminta, na biyu yadda ake buɗe imel, na uku yadda ake neman abu a Google. Fitacce a cikinsu, Internet pour les Nuls, ya samo asali ne daga wani littafin Amurka da ya fara fitowa a 1993, zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho ta gida. An sha sabunta shi, amma har gobe wanda yake yi wa magana mai jin Faransanci ne, mai kwamfuta, wanda ba a ɗauke masa wuta.

A unguwar Briqueterie ta Kamaru kuwa, tela da mai tsire da mai sayar da shadda ta waya suka shiga intanet, kuma ta ƙofar WhatsApp. Da yawansu ba sa rubuta ko kalma ɗaya. Saƙon murya suke aikawa Garwa ko Kano, da Hausa ko Fulatanci, a turo musu hoton yadi, a yi ciniki, kuɗi ya biyo ta Orange Money ko MTN MoMo. Malaminsu na gaskiya shi ne yaron nan mai gyaran waya a bakin titi. Shi ke saka layi, shi ke buɗe asusun Google, shi ke zaɓen kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar kanta. Ya miƙo ta ya ce, "Alhaji, an gama." Alhaji bai san yana da imel ba, balle ya san abin da ke buɗe shi. Ranar da wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa, lambobin abokan ciniki na shekaru sun tafi ke nan, alhali suna nan ajiye a asusun da mai shi bai san da zamansa ba.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ke cin rai shi ne kiran nan da kowa a unguwar ya sani: wani ya bugo da ladabi, ya ce kuɗi ya turo bisa kuskure, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a danna *126# ko #150# a sa lambar sirri don a gyara asusu. Hajiya ta danna, kuɗin adashe ya tashi. Kamaru tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun Disamban 2010, akwai kuma hukumar ANTIC mai jan kunnen jama'a, sai dai gargaɗin ya fi fitowa da Faransanci da Turanci. Ɗan damfara kuwa ya iya harshen wanda zai cuta.

Sai a ce ai mutanen ba su yi karatu ba. Wannan tsohuwar ƙarya ce. Wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, yake rubuta bashinsa da ajami ba tare da ya ɓatar da dala ɗaya ba, ba jahili ba ne. Marubutan littattafan ne suka raina shi, masu ilimin boko na cikin unguwar kuma suka zura ido, ga su da digiri amma an rasa mai zama ya tsara shafi goma da Hausa. Gaskiya ne buga littafi na cin kuɗi, amma saƙon murya na minti uku ba ya cin komai.

Jagorar da ta dace da Briqueterie da lambar sirri za ta fara: ba a faɗa wa kowa ita, ko da ma'aikacin kamfani ne. Sai lambobi shida da WhatsApp ke turowa, waɗanda duk wanda ya karɓe su ya karɓe asusun. Sai yadda ake rubuta kalmar sirri a takarda, da boko ko da ajami, a adana ta a gida kafin a bar gaban mai gyaran waya. Kwamfuta da linzaminta su jira babi na ƙarshe.