Sayen Tsohon Gidan Kwatas A Abuja: A Duba Takarda Kafin A Duba Fenti

A 'yan watannin nan, da wuya a tashi taron ƙungiya wani daga cikin 'yan'uwa bai tsaya ya ja mu gefe ba, ya ce dillali ya nuna masa gida a Kubwa ko Karu ko Nyanya, irin tsofaffin gidajen kwatas ɗin nan da aka jera, bango ɗaya ya haɗa gida da gida, yana neman shawara ko ya biya. Wannan abin farin ciki ne. Magidancin da ya shekara ashirin yana haya, kullum mai gida na ƙara masa kuɗi, in ya fara tunanin mallakar nasa sai a yi masa barka. Kuma haƙƙinsa ne, domin sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar nan, ba tare da an tambaye shi garin ubansa ba. Sai dai a Abuja wannan haƙƙi ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da takarda.

Dalili kuwa shi ne, dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa Birnin Tarayya a zamanin Janar Murtala Muhammed, ta damƙa duk ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. A 2008 Kotun Ƙoli ta jaddada, a shari'ar Madu da Madu, cewa Ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili a nan. Da yawanmu ba a kotu muka koyi wannan darasi ba, a gaban katafila muka koye shi. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 a Idu-Karmo da Chika da Aleita ya ci gidajen mutanen da ke riƙe da takardar mai unguwa da sa hannun shaidu, aka ce musu su baƙi ne, babu diyya.

Shi ya sa muke ganin tsohon gidan kwatas ya fi sabon gini a filin da ba shi da asali. Gwamnati ce ta gina yawancinsu a shekarun 1980 da farkon 1990 don ma'aikata. Bayan gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida a 2003, sai aka shiga sayar da gidajen daga 2005, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista. Ke nan gidajen suna da tushe a ofis, ga su kusa da kasuwa da makaranta da tashar mota. Amma an yi shekara ashirin, wasu masu gidan sun yi ritaya sun koma garuruwansu, wasu sun rasu, wasu gidajen kuma sun bi hannu uku ko huɗu. A nan gizo ke saƙa.

Na farko, kada a ba da ko kafin alƙalami sai an yi bincike a ofishin AGIS da ke riƙe da bayanan filayen Abuja. In gidan na Hukumar Gidaje ta Tarayya ne, wato FHA, kamar wasu na Kubwa da Lugbe da Gwarimpa, to a ofishinta za a bincika. Binciken zai nuna sunan wa ke kan fayil, da ko an jinginar da gidan. Ma'aikata da yawa da rancen banki suka saya, takardar asali tana can a ajiye. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi ya sayar da gonarsa ta gado ya biya kuɗin gida a kan hoton takarda, sai bayan ya tare da iyali wasiƙar banki ta iso. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na biyu, a san wanda ke sayarwa. In mai gidan ya rasu, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da shi shi kaɗai, ko da shi ne babba. A nemi takardar rabon gado ko ta izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, a kuma ga sauran magada ido da ido, har da matan mamacin da 'ya'yansa mata. Haka nan takardar wakilci da dillalai ke cewa ta wadatar, ita kaɗai ba ta mayar da mutum mai gida. Abin da ke yin haka shi ne yarjejeniyar miƙa mallaka da lauya ya rubuta, Minista ya amince, aka yi mata rajista. In uwargida ta zuba kuɗin adashenta ko ta sayar da gwal ɗinta, a rubuta kasonta tun ran farko.

Na uku, bashi yana bin gida. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun mallaka 4,794 a manyan unguwanni, har da Garki da Wuse, saboda an shekara goma ko fiye ba a biya harajin fili ba. A nemi rasit na harajin, da na wuta da ruwa da shara, a cire abin da ake bi daga cikin kuɗin ciniki.

Na huɗu, a duba ginin da idon basira, a tafi da magini na amana, in so samu ne da damina. Sabon fenti yana ɓoye tsagewar bango da jiƙar silin. A gidan jere kwanon rufi a haɗe yake, sau da yawa sokawe ɗaya ne, bututun ruwa kuma ta ƙarƙashin tsakar gidan maƙwabci ya bi. In nasa ya toshe, kai ma ka shiga uku. Sannan ɗakin da aka ƙara a baya, ko shagon da aka fitar a kan lambatu, a tambaya ko sashen kula da gine-gine ya ba da izini. In babu, kada a biya kuɗinsa, domin ranar da aka zo da jan fenti ba za a nemi wanda ya gina ba, wanda ke ciki za a tarar. A kuma shiga a gaisa da maƙwabtan dama da hagu kafin ciniki, ko wace ƙabila ce, ko wane addini. Su suka san tarihin gidan fiye da dillali, kuma da su za a raba bango.

Da yawanmu, har da masu rubuta wannan shafi, a ajin yaƙi da jahilci muka koyi haɗa baƙi. Babu abin kunya a ce ba a gane Turancin lauyoyi ba. Abin kunya shi ne a dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara ba. Ofishin sakatare a buɗe yake ga duk wanda ke son a karanta masa takarda ko a raka shi bincike, kuma lauyan da za a ɗauka ya zama naka, ba na mai sayarwa ba.

Muna kira da babbar murya ga hukumar Birnin Tarayya da ta sauƙaƙa hanyar canja suna a kan waɗannan ƙananan gidaje, ta kuma riƙa fitar da sanarwarta da Hausa da Gbagyi da sauran harsunan da talakawa ke ji. Mu kuma namu shi ne haƙuri. Jinkirin wata ɗaya ana bincike ya fi shekara goma ana zarya a kotu. Allah Ya ba kowane magidanci muhallin da zai bar wa 'ya'yansa babu rigima, amin.