Kwale-kwale Ma Yana da Iyakarsa

A wannan fitowa ina so mu tsaya a kan wata tambaya da yara kan yi, manya su rasa amsa: me ya sa allura take nitsewa a ruwa, jirgin ƙarfe kuwa ya yi ta yawo a samansa?

Mu fara da awo. Lita 1 ta ruwa mililita 1,000 ce, nauyinta kuma kilo 1 ne. Jarka mai lita 20 ke nan tana ɗauke da kilo 20. Ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita 1 ne yana cin lita 1,000, wato tan guda. Shi ne ma'aunin da ake rubutawa a takardar kuɗin famfo.

To, duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan don ya sami wuri, ruwan kuma yana tura shi sama daidai da nauyin abin da aka ture. Arkimidas na Girka, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya bayyana wannan. Daga baya malam Al-Biruni ya yi amfani da ruwan da aka ture wajen auna nauyin ma'adanai. Curin ƙarfe mai girman lita 1 ya kusa kilo 8, alhali kilo 1 na ruwa kawai yake turewa, don haka ya nitse. Idan aka buɗa shi ya zama kwano, sai ya ture ruwa mai yawa, ya tsaya a sama.

Ashe kowane jirgi yana da iyaka. Buhun gero mai kilo 100 da aka ɗora wa kwale-kwale sai ya ƙara ture lita 100, bakin jirgin ya ƙara kusantar ruwa. In saura 'yan yatsu, igiyar ruwa ƙarama ta isa. A ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na Senegal, wanda aka ƙayyade wa mutane ƙasa da 600, ya kife a teku, fiye da mutane 1,800 suka rasu. Allah Ya jiƙan Musulmi.

Iyalanmu suna ƙetare Kogin Kwara da Tafkin Chadi ranar kasuwa. Ya kai ɗan'uwa, dubi bakin jirgi kafin ka sa ƙafa. In ya cika, jira na baya. Mai jirgi kuma ya ji tsoron Allah, rayukan da ya ɗauka amana ne. Tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Da yamma ku sa kwano cikin baho, yara su riƙa jefa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya har ya nitse. Ba za su manta ba. Allah Ya tsare mu, amin.