A Rage Wa Na'ura Aiki, A Bar Maƙogwaro Ya Yi Nasa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda na'ura ke cinye muryar mawaƙanmu.

Duk mai cin kasuwannin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san abin da ke tashi daga rumfunan masu tura waƙa a waya. Mawaƙi goma, murya ɗaya, siririya, tana karkarwa kamar ana magana ta cikin gwangwani. Namiji da mace ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka bambance. Wannan aikin wata dabarar kwamfuta ce mai suna Auto-Tune, wadda aka fitar a Amurka a 1997 don miƙe muryar da ta karkace.

Ni ban ce wasa da murya laifi ba ne. A 1966 mawaƙan Beatles na Ingila sun riƙa juya zaren rikoda yana tafiya da baya, suna yankawa suna haɗawa, don su samo sautin da kunne bai taɓa ji ba. To, su sabon abu suke nema. Namu kuwa, in ban da kaɗan, rufin asirin wanda bai iya ba ne kawai.

Alhali mu ma muna da namu abin mamakin. Wace na'ura ce ta koya wa tsohuwa rangaɗa guɗa har a ji ta a unguwa ta uku? Ga kirarin 'yan tauri da maharba, ga 'yan kama masu kwaikwayon muryar kowa, ga kalangu mai kiran sunan mutum. Marigayi Mamman Shata ya rasu tun 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge ta Funtuwa a 2013, amma da an sa waƙarsu, kafin baiti ya ƙare ka san mai ita.

Abin da ya fi damuna shi ne abincin mutane. Yau mai biki ya gwammace ya ɗauko yaro da lasifika da janareto, makaɗin garin kuwa yana zaune, kalangunsa na rataye. Ɗansa ya ga babu ci, ya ƙi gado. Ran da tsohon ya kwanta dama, shi ke nan an rufe da shi.

Don haka ina kira ga masu situdiyo na Kano da Kaduna, ku shigo ƙauye ku ɗauki waɗannan muryoyi, in ya so ku yi gwanintarku a kansu. Rediyon Tarayya Kaduna da na Jihar Katsina, a ƙara wa makaɗan karkara fili. Mu kuma manoma da 'yan tireda, in sha'ani ya same mu, mu tuna da makaɗin gida ko da na yini ɗaya ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.



Naku mai karatu kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
Mabai, Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara,
Jihar Katsina.